Ma'anar kalmar Turanci "strap" da yadda ake amfani da ita

Ka tambayi me ya sa "strap" ke fitowa a zancen agogo, jaka, har da kuɗi. Asalinta maɗauri ne mai faɗi, na fata, roba ko yadi. Na agogo da milimita ake auna faɗinsa, galibi 18, 20 ko 22, sai ka auna kafin ka saya. Na jaka kuwa maratayi ne.

Tana zama aikatau: "strap in", ɗaura bel a mota ko jirgi. Sigarta ta abin da ya wuce ita ce "strapped", da p biyu. Nan ɗalibai ke tuntuɓe. "Strapped for cash" kuma babu igiya a ciki, aljihu ne ya bushe.

Kada ka haɗa ta da "strip", tuɓewa, ko "stripe", zane-zanen jikin yadi. In a takardar asibiti ka gan ta, mai yiwuwa ɗaurin targaɗe ake nufi, bar wa ma'aikacin lafiya ya ɗaura.