Agogona da na abokina ba sa ba da nisa ɗaya: wanne ne daidai?

Tambayoyin da suka fi yawa a wannan karo sun shafi agogon hannu na zamani ne, da yadda yake auna nisa idan an fita motsa jiki a waje. Ga waɗanda muka zaɓa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da abokina muna fita gudu tare, mu tashi tare, mu tsaya tare. Agogona ya nuna kilomita 5.2, nasa kuma 4.9. Wanne ke faɗin gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mai yiwuwa gaskiyar tana tsakanin biyun, domin agogo ba ya auna hanya kai tsaye, lissafi yake yi. Taurarin ɗan'adam na GPS suna kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200, kowanne yana aiko da sigina mai ɗauke da lokacin da ya taso. Agogonka ya duba tsawon lokacin da siginar ta ɗauka kafin ta iso, daga nan ya gane nisan tauraron. Idan ya samu aƙalla taurari huɗu, sai ya sa ɗigo a taswira ya ce nan kake. Bayan sakan ɗaya ya sake sa wani. Nisan da kake gani a fuskar agogo jimillar layukan da suka haɗa ɗigon nan ne.

To, kowane ɗigo yana iya kaucewa da 'yan mitoci ko da a fili ne fetal. Mai gudun da ke cin kilomita ɗaya a minti 6 bai kai mita 3 a sakan ɗaya ba, ka ga kuskuren ɗigo ɗaya yana iya fin tafiyar da ka yi a tsakanin ɗigo biyu. Idan ɗigon suka riƙa karkata dama da hagu alhali kai miƙe kake tafiya, layin ya zama karkatacce, nisa ya ƙaru. Shi ya sa kowane kamfani yake da dabarar da manhajarsa ke miƙe layin, wani ma yana haɗawa da motsin hannu. Idan aka miƙe shi fiye da kima kuma, sai a yanke kwana, nisa ya ragu. Agoguna biyu, dabara biyu, amsa biyu.

Sai dai mita 300 a kilomita 5 ya yi yawa, wajen kashi 6 cikin 100 ke nan. Abin da zan fara zargi shi ne saitin adana batir a agogon abokinka. A wannan saiti agogo yana kashe GPS ya kunna jefi-jefi, kamar UltraTrac a agogunan Garmin, wanda aka yi shi don doguwar tafiya ta yini guda ko fiye. Duk lanƙwasar da aka bi tsakanin ɗigo biyu ta ɓace. Ku duba wannan tukuna, sannan ku zaɓi ajiye ɗigo kowane sakan idan agogon ya ba da zaɓin.

Abu na biyu shi ne gaggawar danna maɓallin farawa. Tauraro yana aiko da bayanin hanyarsa a hankali ƙwarai, agogon da ba shi da bayanin a ajiye yana iya ɗaukar rabin minti ko fiye kafin ya kama. Ka tsaya a fili, ka jira alamar GPS ta nuna ta kama, ka ƙara 'yan sakanni, sannan ka fara. Ka kuma riƙa haɗa agogon da manhajarsa ta waya kowane 'yan kwanaki, domin ta nan yake sauke bayanin inda taurarin za su kasance, wanda ke sa ya kama da wuri.

Tambaya: Malam, idan na bi tsakanin dogayen gine-gine, taswira tana nuna kamar na ratsa ta cikin gidajen mutane. An ce in sayi agogo mai zango biyu. Zai magance matsalar?

Amsa: Zai rage ta sosai, amma ba zai kawar da ita gaba ɗaya ba. Abin da ke faruwa shi ne siginar tana dukan bango ko gilashin gini kafin ta iso hannunki, kamar amsa-kuwwa a cikin kogo. Hanyar da ta bi ta fi ta gaskiya tsawo, agogo ya ɗauka tauraron ya fi nisa. Sigina tana tafiya ne da saurin haske, don haka jinkirin kashi ɗaya cikin miliyan na sakan daidai yake da kuskuren mita 300. Ƙaramin jinkiri ma ya isa ya jefa ki tsallaken titi.

Zango shi ne mitar rediyon da tauraro ke aiko da sigina a kai, kamar ta gidan rediyo. Agoguna na da suna sauraron zango ɗaya, L1, a kan megahaz 1575.42. Masu zango biyu suna ƙarawa da L5, a kan 1176.45. An tsara L5 ta yadda ya fi sauƙi a bambanta siginar da ta zo kai tsaye da wadda ta yi karo da gini, kuma kwatanta zangon biyu yana ba agogo damar gyara jinkirin da saman sararin samaniya ke jawowa. Apple Watch Ultra na 2022 da Garmin Forerunner 255 na wannan shekarar suna cikin masu wannan fasaha. Illarta ita ce cin batir, domin yana ƙarewa da wuri.

Kafin ki kashe kuɗi, shiga saitin agogon da ke hannunki ki ga ko yana karɓar sauran tsare-tsaren taurari ban da GPS na Amurka: GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai, BeiDou na Sin. Tsakanin gine-gine tsirin sama kaɗan agogo ke gani, yawan taurari yana ƙara damar samun waɗanda ke cikin tsirin. A ganina, mai gudu a fili ko a titi marar dogayen gine-gine ba ya bukatar zango biyu. Mai bin tsakiyar birni, kurmi ko kwazazzabo shi ne zai ga bambanci.

Tambaya: Ta yaya zan gwada agogona in san ko daidai yake?

Amsa: Nemi nisan da aka riga aka auna. Filin tsere mai zagaye shi ne mafi sauƙin samu, amma sai an kula. Mita 400 ɗin da ake faɗa na layin farko ne kaɗai, kuma ana auna shi ne santimita 30 daga gefen ciki. Faɗin kowane layi mita 1.22 ne, don haka zagaye ɗaya a layi na biyu kimanin mita 407 ne, a na takwas kuwa wajen 453. Wanda ya yi zagaye 10 a layin waje yana jiran ya ga kilomita 4 zai zargi agogonsa a banza. Ka tsaya a layin farko, ka kashe yanayin filin tsere idan agogon yana da shi, domin wannan yanayi yana gyara lissafin da kansa. Ka sani kuma yawan lanƙwasa yana wahalar da GPS, saboda haka in akwai miƙaƙƙiyar hanya da aka san tsawonta, ka gwada a can ma. Ka maimaita gwajin a ranaku daban-daban, tunda taurarin ba sa zama wuri ɗaya. Kuskuren kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba abin damuwa ba ne. Wanda ya kai kashi 5, kullum a gefe ɗaya, shi ne abin bincike.

Tambaya: Na shiga gudun fanfalaki mai kilomita 42.195, agogona ya nuna kusan 42.7. Masu shirya gasar ne suka yi kuskure?

Amsa: Da wuya, in dai hanyar tana da shaidar awo. Ana auna irin wannan hanya da keke mai na'urar ƙirga juyin taya, ana bin layi mafi gajarta, ana manne wa kowace kwana. Ana ma ƙara mita ɗaya a kowace kilomita da gangan don kada hanyar ta gaza, wato wajen mita 42. Kai kuwa ka kauce wa mutane, ka ratse shan ruwa, ka zagaya kwana ta waje. Ka ɗora karkatar ɗigon GPS a kai, rarar mita 500 ta fito.

Tambaya: Agogona mai araha ne, kuma nisan da yake nunawa yana canzawa idan na bar wayata a gida. Me ya sa?

Amsa: Alama ce cewa ba shi da GPS nasa, na wayarki yake ara. In babu waya sai ya koma ƙirga taku da na'urar jin motsi, ya ninka da tsawon takun da ya ƙiyasta daga tsayinki, yawanci kimanin kashi 41 cikin 100 na tsayi. Mai tsayin santimita 170 ana ba shi takun santimita 70. Idan takunki na gaskiya 75 ne, a taku 7,000 an rage miki mita 350. Ki tabbata tsayin da kika shigar a manhaja daidai ne. Ki ɗaura agogon ya kama hannu, kuma hannun ya riƙa lilo, domin riƙe abu ko tura keken jariri yana ɓata ƙirgar. Idan kin fita da waya ƙirar Android, ki cire manhajar agogon daga jerin waɗanda wayar ke kashewa don adana batir, ki ba ta izinin sanin wuri a kowane lokaci, in ba haka ba GPS yana iya yankewa idan fuskar waya ta mutu. Agoguna masu GPS nasu suna koyon tsawon takun mai su. A Apple Watch, tafiya ko gudu na minti 20 a shimfiɗaɗɗen fili, da saurin da aka saba, shi ke daidaita wannan awo.

Tambaya: Hawan tudu yana rage nisan da agogo ke nunawa?

Amsa: Kaɗan ƙwarai. Yawancin agoguna suna auna nisa kamar ƙasa shimfiɗe take, amma a tudun da ke hawa mita 10 a kowace mita 100, bambancin mita 5 ne kacal a kilomita. Idan ka ga babban kuskure a kan dutse, duba itatuwa da duwatsun da suka tare sama, da kuma saitin da ke dakatar da ƙirga kai tsaye, wanda kan ɗauka ka tsaya idan hawan ya sa ka rage sauri sosai.