Maganin neman haihuwa yana jawo sankarar ma'ajiyar ƙwai? Likita ya amsa

Tambaya: Likita, shekarata huɗu da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Wata goma sha ɗaya ke nan ina sayen Clomid, maganin neman haihuwa, a kemis ina sha, sai yanzu aka ce min yana sa sankara. Gaskiya ne?

Amsa: 'Yar'uwa, ki ajiye shi tukuna. Tsoron ya samo asali ne daga wani bincike na birnin Seattle a Amurka a 1994, wanda ya ga ƙari a ma'ajiyar ƙwai ya fi yawa ga matan da suka sha maganin wata 12 ko fiye. Amma waɗanda suka kamu 'yan ƙalilan ne. Daga baya aka bibiyi mata sama da 54,000 a Denmark, sakamakon ya fito a 2009, ba a ga maganin ya ƙara hatsarin ba. Abin da ke rikita lissafi shi ne rashin haihuwar kansa yana ƙara hatsarin wannan sankara, yayin da ciki da shayarwa ke rage shi. Sai a ɗora wa magani laifin da ba lallai nasa ba ne.

Damuwata da ke daban ce. Ƙa'idar Clomid ita ce miligiram 50 kullum na kwana biyar a farkon al'ada, ana duba ƙwan da sikanin, kuma ba a son a wuce wata shida. Yawan shansa yana sirantar da shimfiɗar mahaifa, ya busar da ruwan bakin mahaifar. In kuwa hanyar ƙwai a toshe take, ko matsalar daga maigida ce, ko shekara za ki yi kina sha aikin banza ne. Ku je asibiti tare, shi ma a gwada maniyyinsa. Nan ne maza da yawa ke noƙewa.

Tambaya: Za a fara min alluran IVF, wato haɗa ƙwai da maniyyi a waje a dasa a mahaifa. Su fa?

Amsa: Wasu bincike sun ga ɗan ƙaruwar wani ƙari mai sauƙi a ma'ajiyar ƙwai, wanda bai cika yaɗuwa ba, kuma tiyata na maganinsa. Hatsarin da ya fi kusa shi ne ma'ajiyar ƙwai ta kumbura fiye da kima. Idan ciki ya cika tam, ga amai, fitsari ya ragu, numfashi yana sama-sama, ki koma asibiti a ranar.

Tambaya: Wannan sankarar ce ajalin mahaifiyata. In sha maganin?

Amsa: Allah Ya jiƙanta. Ki faɗa wa likitanki kafin ya rubuta komai, domin akwai nau'in da ake gado ta ƙwayoyin halitta BRCA1 da BRCA2, kuma ana gwajinsu. Kumburin ciki da ya ƙi tafiya, saurin ƙoshi, ciwon mara, yawan fitsari: in suka ɗauki makonni, a yi miki sikanin da gwajin jini na CA-125. Shi kaɗai gwajin ba ya yanke hukunci, don ko jinin al'ada yana iya ɗaga shi.