Faifan ajiya ba ya fitowa wajen ɗora Windows

Ɗan'uwa na Garwa, ka ce BIOS (manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows) na ganin faifan amma Windows 10 ba ta nuna shi. To mai yiwuwa faifan lafiyarsa ƙalau, kada ka kashe sefarka tukuna. Da kunna kwamfutar danna F2 ko Del don shiga BIOS, ka sauya yanayin SATA (hanyar haɗin faifan da kwamfuta) daga RAID zuwa AHCI. In kwamfutar mai sabuwar firosesar Intel ce, kashe VMD (tsarin Intel na sarrafa faifai) a BIOS ɗin, don Windows ba ta zo da direbansa ba.

In Linux ce ke tsayawa da "lost interrupt", kiran faifan ne ba ya isa ga firosesa. Danna e a GRUB (jerin zaɓin da ke fitowa wajen tada Linux), ƙara noapic a ƙarshen layin linux, sai F10. Wayar SATA ma zare ta, ka kaɗe ƙurar hunturu, ka mayar ta zauna daram.