Ina Ƙ, Ɗ Da Ɓ Suka Shiga A Ubuntu?

Tambaya: Assalamu alaikum. An sa mini Ubuntu a kwamfutata, komai lafiya lau, sai dai in ina rubutun Hausa ba na samun ƙ da ɗ da ɓ, kullum sai na kwafo su daga intanet. Akwai mafita? Daga wata malamar makaranta a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Akwai, kuma ba sai kin sauko da wata manhaja ba.

In sauri kike yi, danna Ctrl da Shift da U a tare, ki rubuta 199, ki buga Enter, ƙ zai fito. Lambar ɗ 257 ce, ta ɓ kuma 253. Amma wannan bai dace da mai buga takardar jarrabawa ba. Gara ki yi gyaran da zai zauna.

Shiga Settings, ki zaɓi Keyboard, ki nemi Compose Key, wato maɓallin haɗa baƙaƙe na musamman, ki ɗora shi a kan Alt na dama. Sai ki buɗe Text Editor ki rubuta waɗannan layuka:

include "%L"
<Multi_key> <k> <k> : "ƙ"
<Multi_key> <d> <d> : "ɗ"
<Multi_key> <b> <b> : "ɓ"
<Multi_key> <K> <K> : "Ƙ"

Haka za ki ƙara Ɗ da Ɓ. 'Yan'uwanmu na Nijar da ke rubuta ƴ su ƙara layin y. Adana fayil ɗin a Home, wato babbar foldar asusunki, da sunan .XCompose, ki fita daga asusunki ki sake shiga. Yanzu taɓa Alt na dama ki sake shi, ki buga k sau biyu.

Inda ake tuntuɓe shi ne sunan nan: ɗigon farko dole ne, X da C kuma manya ne, don Linux, wanda aka gina Ubuntu a kansa, na bambanta babban baƙi da ƙarami. Ɗigon kan ɓoye fayil ɗin, sai an danna Ctrl da H a cikin foldar a gan shi. Layin include kuwa a sama yake zama. In ya koma ƙasa, k biyu za su ba ki ĸ, wanda ba baƙinmu ba ne. Kada ki rubuta layukan a LibreOffice, yana lanƙwasa alamar zance, tsarin ya kasa karantawa.

In kika ga akwati a gurbin baƙin, salon rubutun (font) ne ba shi da shi. Koma DejaVu Sans ko Noto Sans.