Amsa ga mai son haɗa kwamfuta da intanet ta layin kati a Jamus

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da zuwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ka ce ɗakin da ka kama a Jamus babu intanet, ba ka son ɗaure kanka da kwantiragin shekara biyu, kuma ka taho da modem ɗinka daga gida, kana tambayar yadda za ka haɗa kwamfutarka da layin da ake sa wa kati.

Kada ka sayi wata na'ura tukuna. Layi za ka fara saya, ka sa shi a wayarka, ka riƙa raba wa kwamfutar data daga wayar na mako ɗaya ko biyu. A nan ne za ka gane ko sabis ɗin wannan kamfanin yana kama ɗakinka, da kuma yawan datar da kake ci a zahiri. Sai ka san waɗannan abubuwa biyu sannan za ka iya yanke shawara kan modem ba tare da asarar kuɗi ba.

Kamfanonin da suka daɗe da turakunsu a Jamus uku ne: Telekom, Vodafone da O2. Yawancin sunayen da za ka gani a manyan kantuna haya suke yi a kan waɗannan. Aldi Talk a kan O2 yake, Lidl Connect a kan Vodafone, congstar kuma a kan Telekom. Don haka idan Aldi Talk bai kama ɗakinka ba, sayen layin O2 ba zai gyara komai ba, turke ɗaya ne. Kowanne daga cikin ukun yana da taswirar sabis a shafinsa inda za ka sa adireshinka, amma taswira ba ta san kaurin bangonka ba. Abin da ya fi shi ne ka roƙi maƙwabci ya shigo ɗakinka da wayarsa ka ga sanda nawa take nunawa, musamman idan ɗakin na ƙarƙashin ƙasa ne. A cikin manyan birane duka ukun suna aiki, a ƙauye da kan hanyar jirgin ƙasa Telekom ne mutane suka fi yabawa, shi ne kuma ya fi tsada.

Layin kati ba ya buƙatar asusun banki, ba a kuma binciken tarihin bashinka kamar yadda ake yi wa mai neman kwantiragi. Kimanin Yuro 10 ake sayar da sabon layi a kanti, kuma yawanci kuɗin nan yana cikin layin a matsayin kati. Sai dai tun Yulin 2017 doka ta hana layin ya fara aiki sai an tantance mai shi da takardar shaida, kusan kamar yadda ake haɗa layi da NIN a gida. Hanya biyu ce aka fi bi. Ta farko kiran bidiyo ne, ma'aikaci zai ce ka ɗaga fasfonka ka karkata shi gaban kyamara ya ga alamun tsaron da ke jiki. Ba kowane fasfo tsarin bidiyon yake karɓa ba, kuma masu fasfon ƙasashenmu sun sha tsayawa a nan. Idan haka ta faru kada ka ɓata yini kana sake kira. Zaɓi hanya ta biyu, wadda suke kira PostIdent: za a ba ka takarda mai lamba, ka kai ta gidan waya tare da fasfonka, su tantance ka ido da ido. Ko kuma tun farko ka sayi layin a shagon kamfanin da kansa, inda za a yi rajistar kana tsaye. Rubuta sunanka daidai yadda yake a fasfo, harafi da harafi, a jere yadda aka jera shi. Bambanci tsakanin Muhammad da Mohammed ya isa ya sa a dawo da rajistar. Za a nemi adireshinka na Jamus. Bayan tantancewa layin kan tashi cikin awanni, wani lokaci sai washegari.

Idan ka ɓalle sim ɗin daga katinsa, adana katin gaba ɗaya. A jikinsa PIN da PUK suke, wato lambar sirrin sim da lambar buɗe shi idan ya kulle, kuma firam ɗin da ka ɓalle ƙaramin sim daga ciki zai yi maka amfani, domin modem da yawa babban sim suke ɗauka. Layukan Jamus da PIN a kunne suke zuwa. Ka yi kuskure sau uku ya kulle sai da PUK, ka yi kuskuren PUK sau goma sim ɗin ya mutu. Tun yana cikin waya ka shiga saitin tsaro ka kashe neman PIN ɗin, saboda modem ba ta da allon da za ta tambaye ka. Fitilarta kawai za ta yi ta ƙiftawa kana zaton ta lalace.

Kafin ka kunna data, sayi kunshin data. Layin da ba a saya masa kunshi ba ana cajinsa ne megabait-megabait, kuma kwamfuta za ta cinye Yuro 10 ɗin nan kafin ka gama buɗe shafi na uku. Kunshin kwana 28 yake yi, ba wata ba, wato sau 13 za ka biya a shekara. Yana sabunta kansa idan akwai isasshen kuɗi a layin ranar da ya ƙare. Idan babu, ya faɗi, ka koma cajin megabait ba tare da ka lura ba, kuɗin da ka zuba daga baya su tafi a banza. Saboda haka sa kati kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Ana sayar da katin a wurin biyan kuɗi na manyan kantuna da gidajen mai, lambar tana kan rasit, don haka kada ka jefar da rasit ɗin. Idan datar kunshi ta ƙare kafin lokaci, yawancinsu ba sa yankewa, rage gudu suke yi zuwa 64 ko 32 kbit a daƙiƙa. Saƙon WhatsApp zai wuce, shafin makaranta ba zai buɗe ba. Mutane da yawa a nan suke fara zargin modem, alhali data ce ta ƙare.

Yanzu modem ɗin da ka taho da ita. Juya ta ka karanta lambar samfurin, wani lokaci tana ƙarƙashin murfi kusa da wurin sim. Abu uku za ka duba. Na farko, 4G ce ko 3G? Jamus ta kashe 3G a 2021, Telekom da Vodafone a ƙarshen Yuni, O2 zuwa ƙarshen shekarar. Tsofaffin modem irin Huawei E173 da E303, waɗanda suka cika gidajenmu a da, 3G ne iyakarsu. Za su haɗu, amma a kan 2G, gudun da ba zai yi maka komai ba. Wannan babu gyara, sai ajiyewa. Na biyu, idan tambarin kamfanin waya na gida yana jikinta, mai yiwuwa a kulle take da layinsu, za ta ce sim bai dace ba ko ta nemi lambar buɗewa. Kada ka yi ta gwada lambobin da ka samo a intanet, gwajin ƙidayayye ne, idan ya ƙare ta kulle har abada. Na uku shi ne zangon sigina (band) da take kamawa. 4G na Jamus ya dogara sosai da zango na 20, wato 800 MHz, shi ne yake ratsa bango yake kuma kaiwa ƙauye, sai na 3 da na 7 a cikin gari. Suna ɗaya na iya ɓoye bambanci: Huawei E3372h-153 tana da zango na 20, E3372h-607 ba ta da shi. Ta biyun za ta yi aiki a bakin titi, ta yi rauni a cikin ɗaki.

Idan ta tsallake ukun nan, saitin ba shi da wuya. Sa sim, soka ta a kwamfuta, jira minti ɗaya. Sababbin Huawei ba sa buƙatar girka manhaja, burauza za ka buɗe ka rubuta 192.168.8.1, na ZTE kuma yawanci 192.168.0.1. A shafin da zai buɗe akwai wurin APN, wato sunan ƙofar da layin yake bi ya shiga intanet. Modem da aka saya a nan kan gane shi da kanta, wadda ta zo daga gida kuwa sau da yawa tana riƙe da na tsohon layinta, shi ya sa za ka ga sanduna cike amma shafi ba ya buɗewa. Ƙirƙiri sabon saiti ka rubuta na layinka: internet.telekom na Telekom, web.vodafone.de na Vodafone, internet na O2, internet.eplus.de na Aldi Talk. Idan tsohuwar manhaja ce mai neman lambar kira, *99# ce. A shafin nan kuma saƙonnin tes suke sauka. Lambar shiga manhajar kamfanin da gargaɗin ƙarewar data duk can za su je, ba wayarka ba.

Abin da ya fi cin kuɗin mutane ba modem ba ce, ba kuma kamfani ba, kwamfutar ce da kanta. Waya an gina ta da sanin cewa data tana ƙarewa, kwamfuta kuwa ɗauka take yi intanet kyauta ne. Windows tana ganin modem irin ta burauza, da wayar da aka haɗa ta kebul, a matsayin kebul ɗin intanet na bango, don haka da zarar ta samu hanya sai ta fara sauke sabuntawa, wanda babba ɗaya kan kai gigabait da yawa. OneDrive da Google Drive su ma su fara loda hotunanka. Minti na farko da ka haɗu, kafin ka buɗe komai, shiga Settings, sai Network & internet, ka danna haɗin da kake kai, ka kunna Metered connection, wato saitin da ke gaya wa Windows cewa datar ƙidayayya ce. Idan kwamfutar da Jamusanci take, Getaktete Verbindung aka rubuta. Saitin na kowane haɗi daban ne: wanda ka yi wa Wi-Fi ɗin wayarka bai shafi kebul ba, sai ka sake yi masa nasa. A wuri guda akwai inda za ka sa iyakar data ta kwana 28, da jerin manhajojin da suka fi ci. Dakatar da OneDrive, ka kashe bidiyo mai kunna kansa a YouTube da Facebook. Ban ce ka daina sabunta Windows ba, wannan ganganci ne. Ɗauki kwamfutar zuwa makaranta sau ɗaya a mako. Jami'o'in Jamus suna da Wi-Fi mai suna eduroam, da asusunka na ɗalibi za ka shiga kyauta, can za ka yi sabuntawa da sauke manyan fayiloli da bidiyon darasi.

Don lissafi: karatu da imel da bincike ba sa cin abin kirki. Bidiyo ne matsalar. Darasi ta Zoom da kyamara a kunne yana cin tsakanin rabin gigabait da ɗaya da rabi a awa, fim mai kaifin hoto ya kai gigabait 3 a awa. Mai darasin intanet awa biyu kullum, kwana biyar a mako, zai iya cinye gigabait 40 a kunshi ɗaya kafin ya kira gida ko sau ɗaya. Idan lissafinka ya kai nan, layin kati maganin wucin gadi ne, nemi intanet na gida mai kwantiragin wata-wata, ko ka yi magana da maƙwabci ku raba kuɗin nasa.

Wajen raba data daga waya, kebul ya fi Wi-Fi: haɗin ba ya yankewa, wayar tana caji, ba ta kuma zafi sosai. A Android sai ka soka kebul sannan maɓallin USB tethering yake kunnuwa, kuma kebul ɗin ya zama mai ɗaukar data, domin wasu na caji ne kawai. iPhone a kan Windows sai an girka iTunes ko Apple Devices kafin kwamfutar ta gan ta. Idan Wi-Fi za ka yi a gidan ɗalibai inda kowane ɗaki yake da nasa, zaɓi 5 GHz, domin 2.4 a cunkushe yake. Idan ka ga wayar tana wahala, ko kana son fita da ita ka bar kwamfuta tana aiki, a lokacin ne sayen na'ura ya dace, kuma MiFi, ƙaramar na'ura mai batir da ake sa wa sim ta raba Wi-Fi, na fi ba da shawara a kan modem ta sokawa, saboda za ka iya ajiye ta a bakin taga inda sabis yake. Mai modem ta sokawa ya sayi kebul ɗin ƙari na mita 2 ko 3 ya kai ta taga. A shafin modem nemi lambar RSRP, ma'aunin ƙarfin sigina: daga -90 zuwa sama lafiya lau, ta kai -110 ko ƙasa sai ka canza wuri. Gilashin tagogin zamani mai riƙe ɗumi yana tare sigina, har za ka ga bambanci idan ka buɗe tagar.

Layinka na gida bar shi a waya don saƙon banki, amma ka tabbata datarsa a kashe take, kuma an zaɓi layin Jamus a matsayin na data. Layin Jamus ɗin yana aiki a sauran ƙasashen Tarayyar Turai ba ƙarin kuɗi tun Yunin 2017. Suwizalan ba ta cikin Tarayyar, don haka duba kunshinka kafin ka je, kuma idan garinku yana kusa da iyakarta waya na iya kama turkensu da kanta.

Gargaɗi ɗaya da nake so ka ɗauka da gaske: kada ka sauke fim ko waƙa ta torrent a ƙasar nan, cire manhajar ma daga kwamfutar tun kafin ka haɗa ta, domin wasu suna tashi da kansu su ci gaba da rabawa. Akwai ofisoshin lauyoyi da aikinsu ke nan, suna aiko wa mutane wasiƙar neman ɗaruruwan Yuro, kuma layin da sunanka da fasfonka aka yi masa rajista. Saboda wannan dalilin kada ka yi wa kowa rajistar layi da sunanka, kada kuma ka bar Wi-Fi ɗinka babu kalmar sirri.

Turo lambar da ke jikin modem ɗin da sunan garin da kake, sai a gaya maka ko za ta yi ko a'a, da layin da ya kamata ka fara gwadawa.