Filin Tambaya da Amsa: Ayaba Ce a Bayan Ɗakina, Ko Agade?

Wata mai karatu daga Zariya ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Bara muka tare a wani gida, muka tarar da ayaba a bayan ɗaki, daidai inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa. Bana ta yi nono guda, sai dai 'ya'yan gajeru ne masu kauri, jikinsu da kusurwa-kusurwa, ba sumul kamar ayabar kasuwa ba. Na bari ɗaya ta yi ruwan ɗorawa na ɗanɗana, sai na ji bauri, kuma kamar gari a baki. Maigida ya ce agade ce, maƙwabciyata ta ce ayaba ce da ba ta sami isasshen ruwa ba. Wanne ne daidai, kuma ana cinta?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Da maigida da maƙwabciyar taki duk sun kusa, amma siffar da kika bayar ta fi dacewa da wata 'yar uwarsu ta uku wadda ba kasafai ake ambatonta ba, wato ayabar dafawa. Mun saba raba wannan dangi gida biyu kawai, ayaba ta ci haka nan, agade kuma ta suya, alhali akwai nau'o'i da suke tsakani, irin su Bluggoe da Cardaba. Waɗannan sun fi sauran jure fari, shi ya sa sukan rayu a bayan gidajen Arewa ba tare da wata kulawa ba. A ƙarshen shekarun 1980 ma, lokacin da cutar baƙin Sigatoka ta addabi gonakin agade a kudancin Nijeriya, cibiyar binciken noma ta IITA ta rarraba wa manoma irin wannan ayaba saboda ta fi ƙarfin cutar.

Ga yadda za ki tabbatar da kanki, da wuƙa a hannu. Agade doguwa ce, bakinta da tsini, ɓawonta mai kauri ne wanda ba ya ɓaruwa da hannu idan tana ɗanya, kuma idan kika yanka ta za ki ga cikinta ya ja zuwa ruwan ɗorawa ko ruwan lemo mai haske. Ayabar dafawa kuwa gajeruwa ce, jikinta gefe huɗu ko biyar kamar an fere ta, cikinta fari ne ko ruwan madara. Ayabar ci ita ce mai siririn ɓawo, wadda kusurwoyinta suke ɓacewa idan ta ƙosa. Akwai kuma shaida a jikin shukar. Dubi ƙasan nonon, inda wani babban toho mai ruwan hanta yake reto. A jikin ayabar ci da ta dafawa yakan daɗe yana lilo a ƙarshen sanda, amma agaden da aka fi nomawa a ƙasar nan, wadda Yarabawa suke kira agbagba, tohonta yakan bushe ya ɓace tun kafin 'ya'yan su ƙosa, kuma 'ya'yanta manya ne 'yan kaɗan.

Batun ci kuwa, ki kwantar da hankalinki, babu guba a cikinta. Baurin da garin da kika ji alama ce ta cewa sitacin cikinta bai gama juyewa ya zama zaƙi ba, domin irin wannan ayaba ɓawonta yakan riga cikinta nuna. Idan tun ba ta nuna ba kike son dafa ta, ki shafa man gyaɗa a hannunki da bakin wuƙa tukuna, saboda ƙaron da take fitarwa yana da danƙo, kuma idan ya taɓa zane ya bar tabon da sabulu ba ya fitarwa. Ki datse kai da gindi, ki tsaga ɓawon a tsaye, ki ɓare, sannan ki jefa cikin ruwan gishiri don kada ta yi baƙi. Daga nan sai ki dafa ta kamar doya a ci da miya, ko ki yi fate da manja, albasa, attaruhu, busasshen kifi da alayyafo, ko ki yanka ta siriri ki soya ta yi ƙaras-ƙaras. A ganina fate ya fi karɓarta, domin tana shan romo fiye da agade. Idan kuma zaƙi kike nema, ki bari sai ɓawon ya fara baƙi kuma ta yi laushi a hannu, a lokacin ne za ta soyu da daɗi, ko da yake tana shan mai kuma tana saurin dagargajewa, don haka sai man ya yi zafi sosai za ki zuba.

Tambaya ta biyu ta wani malami ce daga Lafiya, a jihar Nasarawa: "Na sare nonon ayaba a lambuna cikin watan Maris, na rataye a zaure. Kwana goma ke nan tana nan kore shar, amma wasu sun fara ruɓewa. Wani mai sayar da kayan marmari ya ce in sa mata kabaid. Me ke damunta?"

Malam, ayabarka ta nuna tuntuni, launinta ne ya yaudare ka. Ayabar ci ta dangin Cavendish, wadda ita ce ta mamaye kasuwannin duniya tun bayan da cutar Panama ta karya nau'in Gros Michel a shekarun 1950, tana da wata ɗabi'a: idan zafi ya wuce kimanin digiri 25, cikinta yakan nuna ya yi zaƙi amma ɓawon ya ƙi sakin korensa. Zafin Lafiya a watan Maris kuwa ya zarce haka nesa ba kusa ba. Saboda haka ka daina jiran launi, ka matsa ta a hankali da yatsa kusa da wuyanta, ka kuma sansana. Idan ta yi laushi kuma ƙanshi ya fito, ta isa ci. Agade ba ta da wannan matsala, ita takan canja launi ko da ana zafi.

Shawarar kabaid kuwa ka yi watsi da ita. Sinadarin masu walda ne, yana ɗauke da gurɓatattun abubuwa irin su gubar arsenik, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan nunar da 'ya'yan itace da shi. Ayaba da kanta tana fitar da wata iska mai suna etilin wadda ke nunar da ita, don haka idan kana sauri, ka sa ta a kwali tare da nunannen mangwaro ko nunanniyar ayaba guda biyu, ka rufe, ka ajiye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Kada ka kai ɗanyar ayaba firji, domin sanyin da ya gaza digiri 13 yakan dusashe ɓawon ya kuma hana ta nuna yadda ya kamata. A gaba, ka jira wata uku zuwa huɗu bayan fitowar fure, lokacin da 'ya'yan suka cika suka yi kumari kuma busasshen furen bakinsu yana kakkaɓuwa da yatsa, sannan ka riƙa yankar sahun sama tukuna, domin su ne suka riga fitowa, ta haka ba za su nuna maka gaba ɗaya a rana guda ba.

Wata matashiya daga Kafanchan ta tambaya a taƙaice ko shukar da aka sare wa nono za ta sake yin wani. Ba za ta sake ba, 'yata, kowane kututture sau ɗaya yake haihuwa. Ki sare shi, ki daddatsa, ki shimfiɗa a gindin don ya riƙe laima. A cikin 'yan tsiron da suka fito a gefe, ki zaɓi mai kaurin gindi da siririn ganye kamar takobi ki bar shi, ki cire masu faɗin ganye tun suna ƙanana, domin su ba su da ƙarfi kuma nononsu ƙarami ne.