Rage Shuu a Tsohuwar Rediyo

Tambaya: Malam, rediyon sadarwata tsohuwar SSB ce (wani salon aika murya a rediyon sadarwa), shuu ya hana ni jin tashoshin nesa. Zan iya haɗa mata matatar dijital da hannuna?

Amsa: Ƙwarai, ba ma sai ka buɗe cikinta ba. Nemi allon Teensy 4.0, wato ƙaramar kwamfuta a kan allo, da allon sautinsa mai guntun sarrafa sauti SGTL5000. Jawo sauti daga ramin abin kunne, ka rage ƙarfinsa da rizisto biyu, 10k da 1k, don kada sautin ya yi wa allon yawa ya gurɓace. A manhajar allon, fara da tacewar da za ta bar 300 zuwa 2700 Hz kawai su wuce, sannan ka ɗora tsarin LMS, wato lissafin da ke daidaita kansa don rage shuu. Fitarwa ta bi ta LM386, guntun ƙara ƙarfin sauti, zuwa lasifika.

Wuta ce inda aka fi faɗuwa. Sauke 13.8V na wutar rediyon zuwa 5V don allon da 7805, guntun daidaita wuta, mai ƙarfen sanyaya; cajar waya kam ƙara za ta zuba maka a HF, wato gajeren zango. In ka ji kugi, sa taransifoma 600:600 a layin sautin. Rufe allon cikin akwatin ƙarfe, ka zura wayoyin ta zoben ferait.

Kada ka matsa tacewar har ƙarshe, murya za ta koma kamar daga cikin rijiya. Kuma matatar tana bayan AGC ne, wato sashen rediyon da ke daidaita ƙarfin sigina da kansa, don haka tasha mai ƙarfi a gefe za ta ci gaba da danne raunana.